Kafin ka ga likita a Abidjan: wa ke horas da mai tarbarka a teburin asibiti?

Wata ranar Talata da hantsi na raka kawuna wani ƙaramin asibitin kuɗi a Adjamé. Dattijo ne mai sayar da goro, ya haura shekara talatin a Abidjan. Julanci a bakinsa kamar ruwa, amma Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Tun asuba yake cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, ga gumi na ta karyo masa.

A teburin karɓar marasa lafiya yarinya ɗaya muka tarar. Ita ke ɗaukar waya, ita ke rubuta suna, ita ke karɓar kuɗi. Ta ɗaga murya a gaban jama'a ta ce, "Papa, me ke damunka?" Kun san dattijonmu da kunya. Sai ya ce ɗan gajiya ce kawai. Na matsa na ce mata ƙirji ne, ta miƙo mana lamba ta ce kowa ya bi layi. Muna zaune wajen minti arba'in wani nas ya zo wucewa, ya kalli fuskar Kawu, nan take ya ja shi ciki. Daga baya likita ya ce mai irin wannan alama ba a ajiye shi a benci. Aka tura mu babban asibitin CHU na Treichville, kuma alhamdu lillahi Kawu ya tashi.

Da farko haushin yarinyar na ji. Bayan sati guda na koma saboda wani kuskuren: a katin Kawu an rubuta Issoufou, ita kuwa ta rubuta Youssouf, takardun suka ƙi haɗuwa. Na ce mata, "Ƙanwata, ba a koya muku waɗannan abubuwa ba ne?" Ta ce aikin sakatariya ta karanta, kuma ranar da ta fara aiki littafin rajista da takardar farashi kawai aka miƙa mata. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe laifin ya wuce kanta.

A Treichville akwai makarantar INFAS, inda ake horas da nas-nas, da unguwar zoma, da masu aikin awon jini. Likita kuwa shekaru yake yi a jami'a. Amma a ƙananan asibitocin da na sani, wanda ke fara ganin marar lafiya, wanda a zahiri yake yanke wa zai shiga yanzu da wa zai jira, a bakin aiki yake koyo.

Aikin ma ƙara nauyi ya yi. A watan Maris na 2014 Kodebuwa ta kafa dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa, wato CMU, wadda hukumar CNAM ke gudanarwa, aka fara amfana da ita a watan Oktoba na 2019. Kowane mazaunin ƙasar, har mu baƙi, zai riƙa biyan sefa 1,000 a wata, jika ɗaya ke nan. A kan ayyuka da magungunan da ke cikin tsarin, inshora na ɗaukar kashi 70 cikin 100, marar lafiya ya cika 30. A asibitin da ke karɓar katin, duk wannan lissafi daga tebur yake farawa. Harafi ɗaya ya kauce, mutum ya yi ta jeka-ka-dawo, ko ya biya daga aljihunsa.

To, wa zai biya kuɗin horon? Abin da ya ba ni mamaki shi ne hanyar tana nan. Tun 1991 akwai asusun FDFP, mai kula da kuɗin koyon sana'a da ƙaro ilimin ma'aikata. Kamfani mai rajista yana biyan haraji biyu a kan jimillar albashin ma'aikatansa: kashi 0.4 cikin 100 na koyon sana'a, da kashi 1.2 na ƙaro ilimi. A ce asibiti yana biyan albashin sefa miliyan 3 a wata. Kashi 1.2 ɗinsa sefa 36,000 ne, wato 432,000 a shekara. Mai asibiti zai tsara horon da ma'aikatansa ke bukata, ya kai wa FDFP, in an amince a yi shi ta hannun cibiyar da asusun ya yarda da ita. Mai zama a tebur ma'aikaci ne kamar kowa, yana da rabo a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sai asibiti yana biyan harajinsa kuma ma'aikaci yana cikin takardun albashi. Yarinyar da aka ɗauka da baki, ba a bayyana ta a hukumar CNPS ba, ba ta cikin lissafin. Sannan in tebur mutum ɗaya ke riƙe da shi, tura shi horo na kwana uku yana nufin a nemo mai zama a madadinsa, wannan ma kuɗi ne da ya kamata a sa a lissafi tun farko.

Ba digiri ake nema ba. A koya musu alamomin da ba sa jiran layi: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, yaro mai jijjiga, mai ciki da jini ya ɓalle mata. A koya musu tambaya cikin sirri, don Hajiya ba za ta faɗi lalurarta a gaban maza ba. A koya musu kwafe suna daga kati harafi bayan harafi, da neman tafinta in harshe ya gagara.

Mu ma da namu aikin. A Abidjan akwai asibitocin unguwa na FSU-COM, waɗanda ƙungiyoyin mazauna unguwa ke da hannu a tafiyar da su. Shugabannin ƙungiyoyinmu da 'yan kwamitin masallatai su riƙa halartar tarukansu, su tambaya ko an ware wa masu tebur kuɗin horo. 'Yan'uwanmu masu asibiti ko masu hannun jari a ciki su tambayi akantansu ina maganar FDFP ta kwana. Samarinmu da 'yan matanmu da suka tashi da Hausa da Julanci da Faransanci kuma su nemi wannan aiki, don sun riga sun mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa.

Kafin nan, in za ka raka dattijo asibiti, riƙe katinsa a hannu, ka duba yadda aka rubuta sunan kafin ku bar tebur. In kuwa ƙirji ne ko numfashi, ka faɗa ƙarara, ka nemi a kira nas nan take. Na gaya wa Kawu haka, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, daga yau ba na sake cewa gajiya ce."