Tsabtace Kwamfutar Gida: Ƙaramin Aiki Mai Tsare Babban Jari

Kwamfuta irin ta tebur ta samu wurin zama a gidajen 'yan kasuwa da dama a ƙasar nan. A cikinta ake ajiye lissafin shiga da fitar kaya, da sunayen waɗanda ake bi bashi, da takardun banki da na haraji. Akasarin waɗannan na'urori kwance ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, a sayar a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja da kuma Alaba a Legas. Sai dai kuma da wuya a samu mai gidan da ya ware lokaci ko kuɗi domin kula da tasa, alhali kuwa jari ce kamar mota ko injin niƙa.

Duk lokacin da kwamfuta ke aiki zafi take haifarwa, shi ya sa aka yi mata fankoki masu jawo iska daga waje su fitar da mai zafi. To, iskar nan ba ita kaɗai take shiga ba, tare da ƙura da zaren tufafi da gashi take tafe. A lokacin hunturu, wato daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris, ƙurar takan ninka. Sannu a hankali sai ta toshe kafofin iska, ta lulluɓe kayan ciki tamkar bargo. A garuruwan bakin teku kuwa, kamar Legas da Fatakwal, ƙurar kan sha laima ta daskare, har ta zama hanyar da wuta za ta bi ta haɗu a inda bai kamata ba.

Hasarar farko ta aljihu ce. Akwai wasu ƙananan kayayyaki masu kama da gwangwani a jikin allon na'urar, waɗanda ake kira kafasito. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage tsawon rayuwarsu da rabi. Haka zalika, ƙwaƙwalwar na'urar kan rage gudu da kanta idan zafinta ya doshi digiri 100, ko ma ta kashe kanta. Ke nan mai ita yana biya sau biyu: lokacin aiki ya salwanta, sa'an nan ranar sayen sabuwa ta matso kusa.

Game da gobara kuwa, ya kamata a fahimci cewa ba safai ƙura kan kama da wuta ita kaɗai ba. Aikinta shi ne ta ƙara zafi, ta kuma zama makamashi idan tartsatsi ya tashi. Tushen haɗarin yana ga akwatin da ke karɓar wuta a bayan na'urar, da wayoyi, da soket. Ƙarfin lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, kuma filogi mai ƙafa uku na ɗaukar amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Kwamfutar ofis ba ta cika wuce wat 300 ba, saboda haka ba ita ke cika lodi ba. Matsalar takan zo ne idan aka jona dutsen guga ko butar dafa ruwa, waɗanda kowanne kan iya jan wat 2,000, a kan doguwar soket guda da ita. Abin ya fi muni idan wayar jabu ce, siririya, ko wadda aka yi da goran ruwa aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama irin waɗannan wayoyi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Bugu da ƙari, wutar Amurka bolt 120 ce. Tsofaffin na'urorin da suka fito daga can suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya jona ba tare da mayar da shi kan 230 ba, nan take zai ji ƙara ya ga hayaƙi. Sa'an nan ga batun ɗauke wuta, wanda ba a rabu da shi ba tun zamanin NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005, har bayan da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a watan Nuwamban 2013. Dawowar wuta da ƙarfi, da kuma sauyawa zuwa janareta, su ne lokutan da kaya suka fi ƙonewa. Sitabilaiza da na'urar ajiyar wuta ta UPS suna taimakawa, amma batirin UPS kan gaji cikin shekara 3 zuwa 5, kuma wanda ya kumbura shi kansa abin tsoro ne.

Aikin tsabtacewar ba shi da wuya. A kashe na'urar, a zare filogi daga bango, a danna makunni na ɗan lokaci domin sauran wutar ta fita. A fitar da ita tsakar gida, a buɗe murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki. A yi amfani da abin hura iska da burushi mai laushi, kuma a riƙe fanka da yatsa yayin hurawa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da fetur ko kananzir. Shi kuwa akwatin karɓar wuta, a hura shi ta waje kawai. Kada a kuskura a kwance shi, domin yakan riƙe wutar da za ta iya hallaka mutum ko bayan an zare filogi. Sau ɗaya a wata uku ya wadatar, amma a hunturu gara a yi kowane wata.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Kada a girke ta a ƙasa ko a kan darduma, kada a manna ta da bango ko labule. A bar mata aƙalla taƙi guda ta kowane gefe. Ledar da ake rufe ta da ita tana da amfani idan tana kashe, amma rufe ta tana aiki shaƙe ta ne. A guji cin abinci a kusa, domin ɓurɓushi na jawo kyankyasai da ɓeraye masu gaigayar waya.

Da zarar an ji ƙaurin roba, ko fanka ta fara gurnani, ko filogi ya yi zafi, ko soket ta yi baƙi, to a kashe a kira mai gyara. Idan kuwa wuta ta riga ta tashi, a fara da kashe babban makunnin gida. Kada a watsa ruwa muddin akwai wuta a layi. Tukunyar kashe gobara mai iskar kabon ko mai hoda ita ce ta dace. A fitar da iyali, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Daga ƙarshe, ana iya sayen wata na'urar, amma ba a sayen littafin bashi a kasuwa. Ɗan kasuwa mai hangen nesa yakan kwafi bayanansa kowane mako ya ajiye a wani wuri dabam, ya kuma tabbatar inshorar gobararsa ta haɗa da kayan lantarki. In aka auna kuɗin burushi da waya mai inganci da abin da gobarar dare ɗaya ke lashewa, za a ga lallai rigakafi ya fi magani.