Gajiyar Zuciya a Wurin Neman Abinci: Sammu Ne ko Nauyin Aiki?

Gajiyar zuciya yanayi ne da ke kama mai sana'a idan matsin aiki ya daɗe a kansa babu sassauci. Christina Maslach, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, ta fitar da ma'auninta a 1981 bisa alamomi uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin da mutanen da ake yi wa shi, da jin cewa ƙoƙarin duk aikin banza ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa.

A gari irin Illela, wanda ke kallon Birnin Ƙwanni ta tsallaken iyaka, matsin a fili yake. Akwai direban da ke kwana bisa hanya, da ɗan dako, da dillalin kara, da ɗan canjin naira da sefa, da ma'aikacin asibiti mai haɗa aikin dare da na rana. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe. Kowace rufewa ta bar magidanta da bashi da lissafin dare.

Abin takaici, da zarar mutum ya fara kasa barci, yana faɗa da abokan ciniki, yana jin nauyin fita rumfa, sai ka ji an ce an yi masa sammu don a kore shi daga kasuwa. Zancen nan ya yi ɓarna mai yawa. Kasancewar an ambaci sihiri a littattafan addini bai sa kowace kasala ta zama sihiri ba, kamar yadda ba kowane zazzaɓi ne shawara ba. Wannan gajiya tana bin nauyin aiki sau da ƙafa. Takan tsananta lokacin biyan bashi ko bayan kwanaki babu barci, ta lafa idan an huta. Wane irin sammu ne ke jiran ranar kasuwa kafin ya motsa? Alamomin da ke kama dillali a Illela su ne Maslach ta gani a jikin ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a a Amurka, mutanen da ba su da maƙwabcin rumfa balle a zarge shi.

Kuma zargin yana da tsada. Ɗan jarin da ya rage ya tafi wurin boka. Abokin sana'a na shekara ashirin ya zama abin tuhuma, wani lokaci ɗan'uwa na jini, alhali mummunan zato haramun ne. Ciwon kuwa yana nan, domin an bar jaki ana dukan taiki. Daga nan wasu ke faɗawa shan taramol don jiki ya ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsa, su ƙara wa kansu bala'in da ya fi na farko. Masu cewa ragwanci ne ko raunin imani su ma kuskurensu ɗaya, domin abin ya fi kama masu ba aiki dukkan ƙarfinsu.

Malaman Musulunci sun daɗe da magana kan rashin lafiyar rai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya nuna cewa rai yana rashin lafiya kamar jiki. Ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya kuma bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke tasowa daga jiki yana buƙatar magani. Wanda ya fito da littafin ga masu karatu na yau shi ne Farfesa Malik Badri, da fassararsa ta Turanci a 2013.

An haifi Badri a Rufa'a ta Sudan a 1932, ɗa ne ga Babikir Badri wanda ya fara buɗe makarantar 'yan mata a ƙasar. Ya yi karatu a Jami'ar Amurka ta Beirut, ya sami digirin digirgir a Leicester ta Ingila a 1961, ya koyar a Sudan da Saudiyya da Malesiya, ya rasu a 2021. Littafinsa na 1979 ya gargaɗi masana Musulmi kan kwafo ra'ayoyin Yamma ido rufe. Wani littafin nasa kan tafakkuri, wanda ya fito da Turanci a 2000, ya shafi abin da ake kira halartar da zuciya, wato mutum ya tattara hankalinsa kan abin da ke gabansa. Wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya mayar da halartar da zuciya tsararren horo a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, yana ɗebowa daga al'adar mabiya Buddha. Badri ya yarda natsuwa tana kwantar da jiki, amma ya nuna cewa Musulmi yana da nasa a tafakkuri da zikiri da khushu'in salla, waɗanda manufarsu ta wuce hutun jiki.

Natsuwa kaɗai ba ta sauke kaya. Binciken da William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa a 2024 kan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya bai ga cewa masu shiga irin wannan horo sun fi sauran walwala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Talauci, rashin tsaro da rigimar gida su ma suna da nasu kason.

Don haka gyaran ya kasu biyu. Mai aiki ya kare barcinsa, awa bakwai zuwa takwas, ya yi ƙailula ko ta minti ashirin ce. Direba ya tsaya idan gyangyaɗi ya zo, kada ya rufe shi da goro da ƙwaya. A yi salla a natse, a zauna bayanta ana jan numfashi a hankali kafin a koma rumfa, a ajiye waya lokacin cin abinci da kwanciya. A rubuta bashi da ranar biya a takarda maimakon juya shi a kai har asuba. A sami amini ko malami mai riƙon sirri a gaya masa damuwa. A ware wa iyali yini guda a mako.

Maigida kuma ya ji tsoron Allah. Ya biya yaransa a kan lokaci, ya raba aikin dare da adalci, ya daina tsawa a gaban jama'a, kada ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su tsara hutu ga mambobinsu.

Idan rashin barci da ƙuncin rai suka wuce mako biyu, ko tunanin hallaka kai ya shigo, a je asibiti nan take, ba tare da barin addu'a ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware yana kan hanyar Sakkwato, kuma zuwansa ba shaidar hauka ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana nuna wa mai irin wannan lalura wariya, har a wurin aiki.