Sayar da tsofaffin kaya ta intanet: an tsallake dillali, aikinsa ya dawo kan mai kaya

Idan ƙarshen hutu ya gabato, iyaye suna neman kuɗin makaranta, ko sallah ta matso, hotunan kayan sayarwa sukan cika wayoyin mutane: salula, firigo, keken ɗinki, moto, gado da katifa. A da, wanda kuɗi suka matse yakan kira dillali, ko ya ɗauki kayansa zuwa kasuwar Katako a Yamai ko Kasuwar Dole a Damagaram. Matan aure kuma suna da dillaliya mai yawo gida-gida da atamfa da kwanuka. Yau hoto uku da lambar waya sun isa a kai kaya gaban dubban mutane, ba tare da an cire la'ada ba. Sai dai la'adar nan kuɗin aiki ce. Dillali ya san farashin kasuwa, ya san mai saye, shi ke riƙe kuɗi, shi ne kuma shaida idan rigima ta taso. Wanda ya tsallake shi, ayyukan nan huɗu sun hau kansa.

Hanyoyi biyu da ake sayarwa

Hanya ta farko ita ce ta ƙananan tallace-tallace. Mai kaya ya saka hoto da bayani da farashi, mai so ya kira shi, su daidaita tsakaninsu. Haka Leboncoin ke aiki a Faransa tun 2006, haka Jiji a Najeriya, haka CoinAfrique a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Kamfanin Facebook ma ya buɗe sashensa na Marketplace a 2016. A garuruwa irin su Maradi da Tawa da Konni, yawancin cinikin yana gudana ne a zaurukan WhatsApp da Facebook. Abin lura shi ne, a irin wannan ciniki na ido da ido, shafin haɗa mutane kawai yake yi. Kuɗi ba sa bi ta hannunsa, ba ya duba kaya, kuma idan an cuci wani ba shi zai biya ba.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo, inda masu so ke ta ƙara tayi har wanda ya fi kowa ya ɗauka. Shafin da ya fi suna a nan shi ne eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995. Mai kaya yana sa farashin farawa da wa'adi, daga kwana 1 zuwa kwana 10. Kowane mai so yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura kuma tana ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan. Misali, wani ya tsaya a jika 42, wani a jika 50, kuma ana ƙarawa da jika ɗaya-ɗaya: na biyun zai ɗauki kayan a jika 43, ba sai ya biya 50 ɗin ba. Shafin yana karɓar kuɗin mai saye, ya cire kasonsa, wanda ya haura kashi 10 cikin 100 a yawancin kaya, sannan ya tura wa mai kaya sauran. Ke nan ya zama dillali, har da la'adarsa.

Wannan tsari yana buƙatar katin banki da gidan waya mai kai kaya har ƙofar gida, shi ya sa bai yi ƙarfi a Nijar ba. Gwanjo kuma yana amfani ne ga abin da ba a cika samu ba, wanda mutane da yawa ke rububinsa. Firigo ko fanka da ake samu a kowace unguwa sun fi tafiya da farashi tsayayye.

Sanin farashi da faɗin gaskiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna kaya da kuɗin da aka saye su. Mai saye ba ya tambayar nawa aka biya shekara biyu da suka wuce. Yana duba nawa sabo yake yau a shago, da nawa wasu ke sayar da irinsa. Kafin a sa farashi, yana da kyau a duba tallace-tallace biyar ko shida na kaya iri ɗaya, a kuma tambayi mai gyara ko ɗan kasuwa. Farashin da ake gani a talla tayin mai kaya ne, sau da yawa a ƙasa da shi ake sallamawa. Don haka ana ɗan ɗaga farashi saboda a bar wurin ragi, amma mai kaya ya riga ya yanke a ransa inda zai ce albarka.

Hoto shi ne rumfar mai sayarwa. A ɗauke shi da rana, a wuri mai tsabta, ta gaba da baya da gefe, kuma na kayan ne da kansu, ba wanda aka kwafo daga shafin kamfani ba. A rubuta suna da samfuri da tsawon lokacin da aka yi amfani da su, da garin da suke. Idan gilashin waya ya tsage ko batir ba ya riƙe caji, a faɗa, a nuna. Ɓoye aibi yana warware ciniki a fikihu, dokar ƙasa ma tana ba mai saye damar dawo da kayan da aka ɓoye masa lahaninsu. A gari kamar Tasawa ko Madawa, inda kowa ya san kowa, sunan da ya ɓaci a zauren WhatsApp da wuya ya gyaru.

Inda ake yin asara

Yawancin damfara tana faruwa ne wajen biya. Wani zai turo hoton takardar aiken kuɗi, ko saƙon da ya yi kama da na kamfanin waya, ya ce ya biya, ya aiko ɗan kabu-kabu ya karɓi kaya. Ana iya haɗa irin wannan hoto cikin mintoci kaɗan. Kuɗi sun shigo ne kawai idan mai kaya ya duba asusunsa da kansa ya gan su, ko ya karɓe su a hannu a ofishin aiken kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza. Wani kuma zai ce ya turo fiye da farashi bisa kuskure, a maido masa rarar, alhali ko dala bai turo ba. Akwai mai neman a karanto masa lambobin sirri da suka shigo waya “don a kammala biya”. Lambobin nan mabuɗin asusun kuɗi ne ko na WhatsApp, kuma karɓar kuɗi ba ya buƙatar a faɗa wa kowa su.

Cinikin nesa ya fi wuya. Mai kaya a Maradi ba ya son ya sa kaya a mota kafin ya ga kuɗi, mai saye a Agadas ba ya son ya biya abin da bai gani ba, domin ba a cinikin biri a sama. Mafita ita ce wadda fatake suka daɗe da sani: wakili. Mai saye ya turo ɗan'uwansa ko abokinsa da ke garin ya duba kaya, ya biya, sannan a kai su tashar kamfanin safara irin su Rimbo ko STM, a karɓi takardar aike mai lamba, a tura hotonta.

Idan a gari ɗaya ake, a haɗu da rana a wurin jama'a, kamar gaban ofishin aiken kuɗi ko shagon mai gyara, tare da wani. Kayan da ba su ɗaukuwa, kamar firigo, kada a bar mace ko yaro su kaɗai a gida su karɓi baƙon da ba a sani ba. Mai moto kada ya miƙa makulli don “a ɗan gwada” ba tare da ya hau bayansa ba.

Shaida da takardu

Mai saye yana tsoron a kama shi da kayan sata a ce masa ɓarawon zaune, laifin da doka ke hukuntawa. Don haka rasit na asali da kwali suna ƙara wa kaya daraja. Kowace salula tana da lambar shaida mai lamba 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. A rubuta ta a ƴar takardar ciniki tare da kwanan wata, farashi, sunayen ɓangarorin biyu da sa hannun shaida. Moto da mota kuma sai an canza sunan da ke kan takardar mallaka, wato carte grise. Idan ba haka ba, ranar da aka yi haɗari ko laifi da abin hawan, tsohon mai shi za a fara nema.

Kafin waya ko kwamfuta ta bar hannu, a kwashe hotuna, a fita daga asusun Google da WhatsApp, a cire layi da katin ajiya, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Hotunan iyali da suka faɗa hannun baƙo ba su da farashi.

Wanda aka riga aka cuta, kada ya goge komai. Saƙonni, lambar waya, hoton talla da takardar aike su ne hujjarsa a wajen ƴan sanda ko jandarma. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, wadda ta shafi damfara ta waya da kwamfuta. Amma dawo da kuɗin da aka riga aka cire yana da wahala, kuma yana ɗaukar lokaci. Mintoci biyar na duba asusu kafin a miƙa kaya sun fi sauƙi.