IN SALANGA TA TOSHE

Yau hirarmu a kan salanga take, wadda wasu ke kira masai. Magana ce da ba a son yi gaban baƙo, amma ranar da salanga ta toshe ba mai sukuni a gida.

A ƙasar Imanan da Kurfai salanga iri biyu ce. Akwai rami mai baki a buɗe. Wannan ba ta toshewa, cika take yi. Akwai kuma ta siminti ko ta tangaran wadda ake korawa da ruwan bokiti, kamar ta wasu gidajen Filinge da Bonkuku. A ƙarƙashinta akwai wuya lanƙwasasshe. Kullum ruwa kaɗan yana kwance a ciki, shi ke tare wari da ƙuda. A lanƙwasar nan kaya ke maƙalewa: leda, tsumma, totuwa, tsakuwa, audugar mata, ko murfin kwalba da yaro ya jefa.

Kafin ka fasa siminti ko ka nemi magini, ka binciki abu guda: wuya ne ya toshe, ko rami ne ya cika? In jiya lafiya lau, yau ruwa ya tsaya cik, wuya ne. In kuwa an yi makonni ruwa yana tafiya da ƙyar, ƙasar gefen rami ta jiƙe tana wari, to rami ne. A ɗaga murfinsa a auna da doguwar sanda. In abin da ya rage bai wuce kamu 1 ba, ya cika.

Toshewar wuya kai da kanka za ka gyara ta. Da fari ka hana kowa shiga. Sa leda biyu a kowane hannu. Kwashe ruwan da ya taru da tsohon gwangwani, ka rage kaɗan. Zuba garin sabulu hannu guda da rabin bokitin ruwan zafi. Ban ce tafasasshe ba, shi yana iya tsaga tangaran, ya lalata bututun roba. Jira minti 20. Sa'an nan ɗaga bokiti cike da ruwa daidai ƙugunka, ka juye gaba ɗaya. Sau da yawa nauyin ruwan kaɗai ya isa.

In bai tafi ba, nemi sanda mai ƙarfi. Naɗa mata tsumma a kai har ya cika bakin salangar. Rufe tsumman da leda, ka ɗaure tamau da igiya. Kada ka yi sakaci da ɗaurin nan. In tsumman ya suɓuce, ka ƙara wa kanka aiki. Sa kan sandar a bakin, ruwa ya rufe shi. Danna a hankali, ka fizgo da sauri, kamar sau 20. Ba daka ake yi ba, ruwa ake turawa gaba da baya har abin ya saki. In ka ji ruwa ya zuƙe da ƙara, ta buɗe. In har yanzu shiru, lanƙwasa bakin waya kamar ƙugiya, ka zura, ka jawo abin waje. Jawowa ta fi turawa, don leda ba ta ruɓewa a rami.

Wasu sukan zuba ruwan batir ko man fetur. Kada ka yi. Ruwan batir yana cin siminti, yana ƙona ido. Fetur kuwa ashana guda yake jira. Kuma ko me ya faɗa, ko kuɗi ko wayar salula, kada kowa ya sauka cikin rami. Iskar ciki tana sumar da ƙato nan take, mai shiga ceto shi ma ya faɗi.

Ramin da ya cika a rufe shi da ƙasa, a haƙa sabo. Bayan shekara 2 abin ciki ya zama taki. Amma mu mutanen Dallol Boso sai mun kula da wurin haƙa. Ruwa kusa yake da mu, shi ya sa dankalin turawa ke yi a garaken Bonkuku. Ramin da ya taɓa ruwan ƙasa yana kai ƙazanta rijiya. A bar tazarar mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin rami kuma ya tsaya mita 1 da rabi sama da ruwa. Ba mu manta ba, kwalara, ciwon amai da zawo, ta shiga jihar Tilaberi a 2012 da 2021, kuma ta ruwan sha ta fi yaɗuwa.

In ka gama, binne tsumman da ledojin. Wanke daɓen da sabulu. Wanke hannunka har gwiwa da sabulu, in babu da toka, kafin ka taɓa randa ko ƙwaryar fura. A ajiye gwangwani mai murfi a kusurwa don leda da tsumma, a nuna wa yara.