"Buɗe Mu Ji": Wasa Ne, Ba Duba Ba

Yau zancenmu a kan wani wasa ne da muke yi a nan wajenmu Kunci, wanda muke ce wa "buɗe mu ji". Wasa ne mai daɗi ƙwarai, sai dai na lura wasunmu sun fara sauke shi daga kan hanya.

Ga yadda ake yinsa. Bayan sallar isha'i, galibi da kaka in an gama yankan gero an tuge gyaɗa, 'yan mata kan taru a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a kunna fitila. Kowace ta zo da littafin da ke hannunta, nata ne ko na aro ko na haya. Sai ɗaya ta faɗi lamba, a ce 45. Kowa ta buɗe shafi na 45, ta tsallake layi biyar, ta karanta ukun da suka biyo baya da ƙarfi. Ba a zaɓe, ba a canji. Saura kuma su canki sunan littafin da wanda ya rubuta shi. Wadda ta kasa, ita za ta raba mana gyaɗa.

Kai, dariya har da riƙe ciki! Wannan ta karanto saurayi yana tsara budurwa, ta kusa da ita ta karanto sarki yana faɗa da waziri, sai ka ce da juna suke magana. Ga kuma amfani. Yarinyar da ke jin nauyin karatu a gaban malami, a nan bakinta ke sakewa. A nan ne da yawanmu suka fara jin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed na 1980. Layi uku kawai za ki ji, gobe ki wayi gari kina neman aro.

To ina matsalar take? Wasu sun mai da shi duba. Sai ki ga yarinya ta rufe ido, ta ƙudurce sunan saurayi a zuci, ta buɗe littafi, wai abin da ta tarar shi zai same ta. Na san wadda ta yi kwana uku ba ta fita zance ba, don kawai shafinta ya faɗa kan yaudara. Bawan Allah bai ci ba bai sha ba!

Ba a kanmu aka fara ba. Mutanen Iran sun daɗe suna buɗe diwanin Hafizu, mawaƙin birnin Shiraz na ƙarni na 14, don neman ishara, musamman a daren Yalda cikin Disamba. Amma mu dai mun san gaibu Allah kaɗai Ya bar wa kanSa sani.

Kuma 'yar'uwa, shafi ɗaya ai ba shi ne labari ba. Ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. In hannunki ya faɗa inda Sumayya ta faɗa rijiya, sai ki ce ta ƙare ke nan, alhali an ceto ta, kuma a ƙarshe Muhammad ɗinta ta aura. Haka Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Wadda ta tsaya inda aka cire Abu daga makaranta aka yi mata auren dole, ba za ta ga yadda ta koma neman ilmi har ta zama abin kwatance ba. Marubuci da alƙalaminsa ya tsara wa 'yan littafinsa rayuwa, bai san ki ba, bai san saurayinki ba.

Don haka in maganar aure ta taso, ki binciki halin mutum, ki shawarci iyaye da yayye, ki yi istihara. Littafi kuwa ki karanta shi tun daga bangon farko har na ƙarshe, a nan darasinsa yake. Hausawa sun ce kowa ya yi haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

A ci gaba da wasa, a ci gyaɗa, a yi dariya, amma kada a bar shafi na 45 ya zaɓa mana miji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.