Kafin Ka Biya Kuɗin Katako Mai Tsada a Jidda

Duk wanda ya ratsa tsohon garin Jidda, wato unguwar Balad, zai ga tagogin katako masu zane sun leƙo daga jikin gidaje, hawa kan hawa. Mutanen Hijaz na kiransu rawashin. Suna cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya unguwar a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925, yana nan da nasa har yau. Amma gaɓar Bahar Maliya ba ta da dajin da zai ba da irin wannan katako. A jirgin ruwa ake kawo shi tun fil azal, daga Indiya da tsibiran Jawa, kuma wanda ya fi daraja shi ne saj, itacen da ke da maiƙo a jikinsa, wanda gara da laimar teku ba sa cin sa da wuri.

Har gobe haka abin yake. Kafintan da ke Jidda, Bahaushe ne ko Bayamale ko ɗan Fakistan, ba ya ganin bishiyar da aka yanko masa. Falanki yake gani, sai kuma bakin dillali. Nan ne ake cutar mutane, musamman idan maigida ya ce shi lallai sai abnus, baƙin itacen nan mai nauyi, ko sai saj ɗan Bama.

Suna shi ne tarkon farko. Loko na kudancin Nijeriya katako ne mai kyau, amma a kasuwannin duniya ana sayar da shi da sunan "saj na Afirka", alhali ba su haɗa dangi da saj ba. Shi kuwa saj na Bama, tun watan Afrilun 2014 ƙasar ta hana fitar da gungumensa, sannan a 2021, bayan juyin mulkin soja, Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba wa kamfanin katakon gwamnatin takunkumi. Mafi yawan saj ɗin da ke yawo yanzu na gonakin shuka ne, wanda ake sarewa tun bai tsufa ba. Ba laifi ba ne a sayar da shi. Laifin shi ne a karɓi kuɗin tsoho a ba ka yaro. Ka ce a rubuta maka sunan itacen na kimiyya da ƙasar da ya fito a kan rasit. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Abnus ya fi sauƙin ganewa, in ka yarda ka ɓata minti biyar. Na ainihi ɗan'uwan kanya ne, kuma nauyinsa kan kai kilo 1,000 ko fiye a kowace kubik mita, shi ya sa guntunsa yakan nutse a ruwa ko ya tsaya dab da nutsewa, alhali saj, mai kimanin kilo 650, yana taso. Ka nemi guntu, ka sa a yanka shi a gabanka. Wanda aka rina, baƙinsa a fata ya tsaya, cikinsa fari ne ko ja. Ka goga masa auduga da ɗan sinadarin wanke fenti, ka duba abin da ya fito. Alhazai masu sayen tasbaha da sanda a matsayin tsaraba, wannan gwaji ya shafe ku, don wasu baƙaƙen ƙwayoyin ma roba ce zalla.

Sai maganar takarda, wadda ta fi shafar mu 'yan Afirka ta Yamma fiye da yadda muke zato. Jan katakon nan mai ƙamshi da masu kuɗin Sin ke rububin yin kujeru da shi, babban kasonsa madobiyarmu ce. Wadda makiyayi ke sassabo wa shanu ganyenta da rani, wadda ake rini da jan ruwanta. Mutanen Taraba sun ga yadda tireloli suka riƙa kwashe gungumenta zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, har dazuzzukan da ke kusa da hanya suka yi kwakkwafe. Daga Janairun 2017 aka sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wato ba ta tsallaka iyaka sai da izinin ƙasar da ta fito. A 2018 aka dakatar da Nijeriya daga cinikinta baki ɗaya, a 2022 kuma dakatarwar ta haɗa da wasu ƙasashen, ciki har da Mali da Gambiya. A taron Panama na ƙarshen 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Saudiyya tana cikin yarjejeniyar tun 1996, kuma Cibiyar Kula da Namun Daji ta ƙasar ce ke da alhakin izinin shigo da irin waɗannan kaya.

Saboda haka idan wani ya kira ka daga gida ya ce yana da kwantena ta madobiya, kai dai ka samo masa mai saye a Jidda ku raba riba, ka san cewa sunanka ne zai hau takardar. Kaya in sun maƙale a tashar jirgi, kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake, kuma baƙo mai zama da iƙama ba shi da ƙarfin jan rigima da kwastan. A ganina, ko da kayan za su wuce lafiya, wanda ya taɓa ganin abin da aka yi wa dajin Taraba bai kamata ya sa hannu ba.

Akwai kuma asarar da ba ta buƙatar ɗan damfara. Katako mai tauri yana daɗewa bai bushe ba, falanki mai kauri kan ɗauki shekaru. A Jidda waje laima ce, cikin gida kuwa na'urar sanyaya ɗaki tana tsotse danshi dare da rana. Teburin da aka yi da ɗanyen katako zai fita daga shago sumul, bayan 'yan watanni ya tsage, a ce kafinta bai iya aiki ba. Akwai ƙaramar na'urar auna danshin katako, ba ta da tsada. Na kayan ɗaki ana son ya kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Ka auna tsakiyar sabon yanka, ba gefen da ya sha iska ba. Ka sayi falanki ɗaya tukuna, ka ajiye shi mako biyu ko uku a ɗakin da kayan za su zauna, ka ga halinsa kafin ka biya kuɗin sauran. In za ka yanka abnus ko madobiya, ka rufe hanci da baki, ƙurarsu tana sa tari da ƙaiƙayin fata.