RAGE MA'AIKATAN MAKARANTAR SOJA: DARASI DAGA KAKURI

Duk wanda ya ga faretin yaye hafsoshi a Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, idonsa kan ɗalibai yake tsayawa. Ba ya ganin kuku da ya hura wuta tun da asuba, ko makanikin da ya tayar da mota, ko akawun da ke riƙe da lissafin sito. Amma da zarar aljihun gwamnati ya tsuke, kan waɗannan bayin Allah wuƙa ke fara sauka.

Rage ma'aikata ba baƙon abu ba ne ga sojan Nijeriya. Yaƙin basasa ya kumbura rundunar daga wajen mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000 a 1970, albashi ya lanƙwame kuɗin tsaro. Janar Murtala Muhammed ya ƙudura rage su, kuma wannan shiri yana cikin abubuwan da suka harzuƙa waɗanda suka hallaka shi ran 13 ga Fabrairu, 1976. Sai a hankali gwamnatin Janar Obasanjo ta ci gaba da aikin.

To, wanda ke son sanin abin da ke biyo bayan tsuke bakin aljihu, sai ya haye gadar Kogin Kaduna ya nufi Kakuri. Can ne Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya yake, wanda shi ma a 1964 aka kafa shi. Da yaƙi ya ƙare, ciniki ya ja baya, har masana'antar da aka gina don bindiga da harsashi ta koma yin kujeru da tebura. Hannun da ya daina sana'a kuwa, ba a rana ɗaya yake komawa gwani ba.

Haka abin yake ga makarantar soja. In an sallami makaniki, mota ba za ta daina lalacewa ba. Sai dai a ciro soja daga fagen horo ya maye gurbinsa, ko a biya ɗan kwangila. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ba mu ce kada a rage ba. Amma kafin a buga takardar sallama, ya kamata hukuma ta tantance wanda zai ɗauki aikin, ta kuma tanadi haƙƙin wanda zai tafi, domin bayan kowane suna a jerin akwai iyali masu jiran tuwon dare.